Kwamfutar da Ba Ta San Injiniya Ya Rasu Ba

Daminar bana ta cika shekara ashirin da bakwai da rasuwar maigidana, wanda duk Kontagora ta sani da Injiniya. Ni ma haka nake kiransa, kuma haka zan kira shi a nan. Mu da muka tashi a gidajen malamai ba ma kama sunan miji, ko a gabansa ko a bayan idonsa. Duk tsawon zamanmu bakina bai taɓa furta sunan da mahaifinsa ya raɗa masa ba. Sau ɗaya tak na faɗe shi a duniya, shi ma bayan ƙasa ta rufe idonsa. Labarin wannan sau ɗayan ne ya sa na ɗauki alƙalami, don har yau in hantsi ya dubi ludayi nakan tsinci kaina na yi tsit, ina jiran wata murya daga gefen gado.

Injiniya ma'aikacin gidan waya ne, amma abin da ya ci ransa shi ne rediyo. Ba irin wadda ake kunnawa a ji labarai ba. Irin wadda ake magana a amsa, wadda masu sha'awa ke riƙewa da lasisi, su yi ta kiran juna daga ƙasa zuwa ƙasa ba don ciniki ba, ba don komai ba, sai don a ji ko muryar ta isa. In na ce masa zumunci a ƙafa yake, sai ya ce nasa a iska yake, kuma bai taɓa cinye masa takalmi ba. Yana da abokai a wuraren da ban san ana zama ba. Amma na ƙut da ƙut ɗin guda ne, Baba Sa'idu, wani dattijo Bahaushen zango a Tamale ta ƙasar Gana, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana aikin rediyo a jirgin ruwa. Ba su taɓa ganin juna ba. Kullum da hantsi sai sun gaisa, su taɓa hira, su yi musu, su yi sallama.

Da gari ya fara cika da janareto da injin markaɗe da masu walda, sai rediyon ta daina jin komai sai shuuu. Injiniya ya rasa sukuni. Daga ƙarshe ya nemi izini ya gina ɗan ɗaki a kan wani dutse a hanyar Bangi, kusa da rugar wani Bafulatani mai suna Ardo Buba, ya kafa eriya, ya kai babbar rediyon can, ya sa mata batira da farantin sola. Can babu hayaniya, yana jin duniya tar. Sai dai fa sai ya je. Mutum da furfura a gemu, kullum yana bisa babur a hanyar da ko jaki sai ya yi tunani. Wata damina ya dawo mini jiƙe sharkaf, gwiwa a fashe, ya faɗa rafi. Ranar na yi faɗa har maƙwabta suka leƙo. Na ce masa ko dai ya sauko da dutsen nan cikin gida, ko ya bar shi ga birai.

Ashe na ba shi shawara ban sani ba. Ya ce akwai dabara: a ajiye kwamfuta a ɗakin dutse, ita za ta riƙa kunna rediyo, ta juya eriya, ta sauya tasha, shi kuma yana zaune a gida yana ba ta umarni ta wata ƙaramar rediyo. A lokacin mulkin soja ne, kwamfuta kuwa a garinmu sai a banki ko babban ofis. Na ɗauka zancen shan iska ne, sai ga shi ya ce in shirya mu je Kaduna, in ga ƙanwata, shi kuma ya ga wani mai sayar da kayan gwanjo na kamfanoni.

Biyu mai shagon ya fito mana da su. Ɗaya fara sol, ta tebur, kusan sabuwa, ga sauri, ga allo mai launi. Ɗayar kuwa, tabɗijam! Baƙa, mai faɗi, mai nauyi kamar dutsen niƙa, da kunnuwa biyu na ƙarfe waɗanda ake ɗaure ta da su da noti a cikin wani dogon akwati mai hawa-hawa. Shi yana ce wa akwatin rak, ni ina ce masa kabad. Ta tsufa, ba ta da sauri, fankokinta na gurnani. Injiniya ya yi ta zagaya su kamar mai sayen sa a kara. Ya ciro 'yar rediyo daga aljihu ya kara a jikin kowacce, don ya ji wadda ta fi zuba ƙara a iska, saboda kwamfutar da za ta kwana ɗaki ɗaya da rediyo ba a son mai surutu. Farar ta cika rediyon da ƙara, baƙar kuwa ƙarfen jikinta ya danne nata. Ya leƙa bayansu ya duba ramukan jona waya, ya ga baƙar ta fi yawa. Ya duba ragar da ke gaban fanka, ya ce zanzaro ba zai samu ƙofar yin gini a ciki ba. Duk ya ga wannan, amma ina lura da shi, idonsa na kan farar. Namiji da sabon abu sai Allah.

Muna cikin haka aka ɗauke wuta. Muka zauna muna fifita. Da aka dawo da ita, farar ta kama, ta rubuta wani abu a allo, ta tsaya cak tana jiran a danna mata maɓalli. Baƙar kuwa ta yi tari, ta yi gurnani, ta ci gaba da aikinta daga inda ya kamata, ba wanda ya taɓa ta. Mai shago ya ce ai har wani ɗan mai gadi gare ta a ciki, in ta sandare sai ya tashe ta da kansa. Na ce to, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Na dubi Injiniya na ce, "Wa zai danna wa wannan farar maɓalli a kan dutse? Kai ne dai, da babur ɗinka da gwiwarka. Ka ɗauki wadda ba ta bukatarka."

Ya yi dariya har da tafi. A gaban baƙar akwai wata 'yar ƙofa mai makulli, wadda ta rufe maɓallin kashewa. Da ya gama haɗa komai a dutse, ya sa abin magana na rediyon a cikin kabad ɗin, ya kulle shi da 'yar ƙofar da makulli ɗaya, ya kawo mini makullin ya ce tunda ni na zaɓa, ni zan riƙe, kada ya bar hannuna. Ɗakin kuma ya damƙa wa Ardo Buba amana: ya riƙa goge farantin sola, ya ƙara wa batira ruwa, kada ya bari abin ya mutu. Ban yi nadamar zaɓin nan ba, ko a lokacin ko yanzu. Ta zaunar mini da miji a gida shekarun da suka rage masa, ina ganinsa, yana cin abincina da zafinsa.

Akwai abu biyu da ya ƙara. Ya naɗi muryarsa a cikin kwamfutar, yadda kullum da hantsi za ta yi kira da kanta ta riƙe masa layi kafin ya zauna. Ta yi sallama, ta faɗi lambobinsa na rediyo da Turanci, sannan ta ce: "Nan Kontagora. Ina nan, ina saurare." Ya kuma ajiye mini wata 'yar rediyo a gefen gadona, mai ji kawai, ba ta magana, don in ya shagala a tsakar gida in ce masa ga Baba Sa'idu nan ya iso.

Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Wani hantsi Baba Sa'idu ya yi ta cewa ba ya ji sosai, a gyara eriya. Injiniya, da bakinsa na tsokana, ya ce masa, "Baba, eriya lafiyarta ƙalau, kunnenka ne ya tsufa." Dattijon bai yi dariya ba. Ya kashe rediyonsa ba sallama. Injiniya ya fito jiki a sanyaye, ya ce mini wasan ya yi yawa, gobe in Allah Ya kai mu zai ba shi haƙuri. Goben ta zo ta same shi a gadon asibiti, ba baki. Bai tashi ba.

A wurin jana'iza aka roƙi jama'a su yafe masa, aka ce an yafe. Wansa, Yaya Malam, wanda shi ne babba a gidan, ya shiga ɗakin Injiniya ya zare duk wata waya daga bango, ya kulle ɗakin har sai ranar rabon gado, kamar yadda aka saba. A ganinsa an kashe rediyo ke nan. Duk gidan haka muka ɗauka, har da ni da na fi kowa sanin inda abin yake. Baƙin ciki ya rufe mini tunani. Na shiga takaba.

Washegarin sadakar uku, ɗakina cike da mata ana ta'aziyya, hantsi ya yi, wata yarinya ta murɗa 'yar rediyon nan da ke kashe tun ranar asibiti. Sai sallama daga gefen gado. Muryarsa, da ɗan tarin nan da yakan yi kafin ya fara magana. "Nan Kontagora. Ina nan, ina saurare." Wata tsohuwa ta saki kofi, wasu suka yi waje ba takalmi, ana ta salati. Ni kam ban motsa ba. Wallahi ba tsoro na fara ji ba, daɗi na ji, wani irin daɗi mai ciwo, har na buɗe baki zan amsa. Sai da na tuna baƙar kwamfutar nan a kan dutse, wadda ba wanda ya je ya yi mata ta'aziyya.

Bayan 'yan kwanaki sai ga muryar Baba Sa'idu a rediyon. Ya huce. Ya amsa sallamar, ya kira Injiniya da sunansa na yanka, ya ce to ga kurma ya dawo, a ci gaba da zagi. Shiru. Ya san muryar naɗaɗɗiya ce, ya saba jin ta, amma ya saba kuma in ta gama mai ita yakan biyo baya. A saninsa na tsohon ma'aikacin jirgi, inji ba ya kwana ya tashi kullum sai da mai shi a kusa. Tunda ana kira, to mutumin na nan, ya ƙi magana ne. Shiru ma magana ce, kuma shi abin da ya ji a cikin shirun nan gaba ce.

Na ji yadda muryar dattijon nan ta riƙa sauyawa, mako bayan mako. Da fari zolaya. Sannan lallashi: in shi ne ya yi laifi da ya kashe rediyo ba sallama, a yi haƙuri, tsufa ne. Sannan nasiha, cewa Musulmi ba ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku. Ni ina zaune a kan tabarma, ina ji, ba halin amsawa. Rediyona ba ta magana. Ɗakin Injiniya a kulle, ko an buɗe ban san abin da ake dannawa ba. Adireshin mutumin ba wanda ya sani. Ga shi ni kaɗai ce a duniya na san cewa maigidana ya kwanta da niyyar ba shi haƙuri.

Na roƙi Yaya Malam ya je dutse ya yi wa mutumin bayani. Ya ce shi da girmansa ba zai hau dutse ya yi hira da akwati ba, kuma mamaci ba ya sallama ga masu rai, in ba shi makulli a kashe abin a huta. Ba mugun mutum ba ne, Allah Ya jiƙansa, maganar da ake yi a gari ce ta dame shi, don har an fara cewa gidanmu ana jin fatalwa. Amma na san in makullin ya shiga hannunsa za a kashe ne kawai, Baba Sa'idu ya zauna da abin a ransa har kabari. Na ce ba zan bayar ba. Ya aika a tsinke wayar batir. Ardo Buba ya tsaya a ƙofar ɗakin da sandarsa ya ce ba a sakin saniyar amana a daji don mai ita ya mutu, sai wanda ke riƙe da igiya ya zo da ƙafarsa. Na ji daɗin haka, na aika masa cewa to ga makulli zan aiko, ya buɗe ya yi wa dattijon magana. Ya aiko mini da amsa cewa shi kiwo aka ba shi, ba tatsa ba. Kai, Fulani! Na ji haushinsa ranar, na kuma gode masa a ranar.

Takaba ta yi nisa sosai lokacin da abin da nake tsoro ya faru. Injiniya ya yi sallamarsa, ya ce yana nan yana saurare. Baba Sa'idu ya amsa. Ya ce shi dai ya bi ya bi, an mayar da shi abin wasa a gaban duk mai saurare, tsofai-tsofai da shi. Ya ce, "Na bar ka da Allah. Allah Ya isa tsakanina da kai." Na dafe ƙirji. Magana zarar bunu ce. An yi wa mijina Allah Ya isa yana kwance a kabari, ba shi da bakin kare kansa. Daga ranar Baba Sa'idu bai ƙara amsawa ba. Kullum sai muryar Injiniya ita kaɗai, tana cewa tana nan, ba mai tanka mata. Na rame a ragowar kwanakin nan fiye da yadda na rame a farkon rasuwar. Tunanina ɗaya, kada tsohon nan ya mutu ko ya jingine rediyo kafin in fita.

Ranar da na fita takaba, mata suka zo da lalle da turare, ana cewa in fara da ziyarar dangi. Na ce dangina na farko yana kan dutse. Washegari da sassafe na shiga motar kasuwar Bangi, na sauka a mararraba, Ardo Buba ya tarye ni muka hau. Ɗakin a share tas, farantin sola na sheƙi. Ga ta nan a cikin kabad, baƙa, tana gurnaninta, 'yar fitilarta kore na kunne. Na buɗe, na ciro abin magana kamar yadda Injiniya ya taɓa nuna mini. Ba ni da lasisi, na sani, hukuma ta yi mini afuwa. Muka jira hantsi.

Ya yi tarinsa, ya yi sallama. A ɗan ɗakin nan muryar ta fi ta gida kusa, har na waiga. Da ya gama na danna na ce, "Wa alaikumus salam. Baba Sa'idu na Tamale, in kana ji, don Allah ka amsa." Ba komai sai shuuu. Na sake. Na sake. Ardo ya sunkuyar da kai. Har na fara sauke hannu sai na ji an ce, can ƙasa-ƙasa, "Wace ce wannan?" Ashe bai taɓa daina kunnawa ba. Magana ce kawai ya daina.

Na ce iyalin gidan ce, maigidan ya rasu. Ya ce wane maigida? Na ce Injiniya. Ya ce injiniyoyi da yawa ya sani, in ɗaga murya, ba ya ji. Na ce Baban Asma'u. Bai san wata Asma'u ba. Mutumin nan suna ɗaya ya san abokinsa da shi, kuma shi ne wanda ban taɓa faɗa ba.  Na rufe ido na ɗaga murya yadda kunnen da ya tsufa zai ji, yadda duk wanda ya kunna rediyo a wannan hantsin zai ji, na ce, "Shu'aibu ya rasu, Baba. Shu'aibu na Kontagora. Tun kafin ka dawo ya rasu. Ya ce gobe zai ba ka haƙuri, goben ta same shi a asibiti, ba baki. Ga haƙurin na kawo."

Ban taɓa jin namiji ya yi irin wannan kukan ba. Ya yi ta innalillahi. Ya ce ya janye, ya janye, Allah Ya shaida ya janye, ya yafe duniya da lahira, shi ma a roƙa masa gafara wurin mamacin in ana iya roƙa. Na ce na yafe a madadinsa. Ya yi masa addu'a da sunansa da na mahaifinsa, ni da Ardo muna amin. Sannan ya ce, "'Yata, ki kashe abin nan. Ba zan iya jin sa gobe ba." Na sa makulli a 'yar ƙofar, na danna. Fankokin suka yi ta lafawa har suka tsaya. Sai a lokacin na ji ashe akwai tsuntsaye a dutsen. Ni a wurina ranar Injiniya ya rasu.

Yau kowa da waya a tafin hannu. Surukina ya ce mini yanzu masu irin sha'awar Injiniya suna sarrafa rediyonsu daga wata nahiya ta intanet, kuma har gobe irin wannan kwamfutar ta kabad suke nema, mai jure zafi, mai tashi da kanta. Da yana nan da ya yi ta yi mini ba'a cewa ni na fara gano ta. Amma ina jin da ya ga yadda ake gaba yanzu da ya yi shiru. Mutum na ganin saƙon ɗan'uwansa ya shigo, ya karanta, ya kife waya. Shi da ya hau dutse don ya ji muryar wanda bai taɓa gani ba. Dutsen ma yanzu ba mai zuwa, hanyar ba ta biyuwa sai da addu'a, rugar Ardo ta tashi tun tuni. Na kuma ga mata da yawa suna ajiye muryoyin mazajensu da suka rasu a waya, suna kunnawa suna kuka. Ba na hana su. Nakan dai ce musu su tabbata ba wanda ke can yana jiran amsa.

Abin da ya rage na Injiniya ba shi da yawa. Eriya ta tafi wurin 'yan gwangwan. Abokan iska sun bi shi ɗaya bayan ɗaya. Abin da na riƙe shi ne ya tafi ba da haƙƙin kowa a wuyansa ba, kuma da ƙafata da bakina aka sauke na ƙarshe. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan Baba Sa'idu, Ya haɗa su inda ba a bukatar eriya.

Kwamfutar kuwa, ranar rabon gado ba wanda ya so ta, sai ta faɗo a kasona. Tana ɗakin ajiya, lulluɓe da tsohon zane. Surukina ya sha cewa in bari ya jona ta, wataƙila muryar na nan. Na san tana nan. Na san halinta, ni na zaɓe ta: tana jin wuta ba za ta tambayi kowa ba, za ta tashi, ta jira hantsi, ta ce yana nan yana saurare. Ni kuwa na riga na faɗa wa duniya da bakina, da sunansa, cewa ba ya nan. Ba zan bari ƙarfe ya ƙaryata ni ba. Sai dai wani hantsin, in gida ya yi shiru, nakan tsinci kaina tsaye a ƙofar ɗakin ajiyar, da makullin a hannuna.